Ana fasa batir a zauren gidanmu: ya kamata a gwada jinin ɗana?

Wani magidanci daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja ya aiko da wannan tambaya: "Likita, gida ɗaya muke da ƙanena. Sana'arsa sayen tsofaffin baturan mota da na sola. A zaure yake fasa su ya ciro dalmar, wani lokaci ya narka ta a bayan ɗaki ya sayar wa masunta su ɗaura a birgi. Ina da yaro ɗan shekara 2 da wata 4. Kwanan nan ya rame, ba ya son abinci, ga yawan kuka da riƙe ciki, kuma har yau bai fara haɗa magana ba. Na ji ana maganar gubar dalma a rediyo, amma na ɗauka sai inda ake haƙar zinare kamar Zamfara. Akwai gwajin da ake yi wa yaro? In an samu, ana warkewa?"

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba yaro lafiya. Daga inda nake ba zan iya ce maka dalma ce ke damun ɗanka ba, domin ramewa da ciwon ciki da jinkirin magana suna da dalilai da yawa. Amma abin da ka faɗa game da zaurenku kaɗai ya isa a yi abu biyu: a gwada jinin yaron, kuma a fitar da wannan aiki daga cikin gida. Kada ɗaya ya jira ɗaya. Ko da gwajin zai ɗauke ka wata guda kafin ka samu, fitar da aikin na yau ne.

Bari in fara da zaton da ka yi cewa abin na Zamfara ne. A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano abin ya kai har Bagega. Sama da yara 400 aka rasa. Mutanen wurin sun ba da labarin cewa tun kafin yara su fara faɗuwa, agwagin gari ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. To, zinaren ba shi ya kashe yaran ba. Dutsen da ake samun zinaren a cikinsa ne ke ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ce ta yi ɓarnar. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wanda ya fi kama da naku kuwa a Senegal ya faru, a wata unguwa da ke gefen birnin Dakar, tsakanin 2007 da 2008: yara 18 suka mutu, kuma babu ramin zinare ko ɗaya a wurin. Fasa tsofaffin baturan mota ake yi ana tace ƙasar wurin don a tsinci dalma a sayar. Batirin mota, fiye da rabin nauyinsa dalma ne. Yanzu da sola ta shiga kowane ƙauye a Jigawa da Kano, matattun batura sai ƙaruwa suke yi, masu fasa su ma haka.

Me ya sa ƙanenka da ke riƙe dalmar da hannunsa yake yawo garau, amma nake tsorata maka yaro? Shi ma ba garau yake ba, zan zo kansa. Amma yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a ƙasa yake rayuwarsa. Ya dafa ƙasa, ya sa yatsa a baki, tuwonsa ya faɗi ya ɗauka ya cinye. Sannan in babba da yaro suka haɗiyi dalma daidai wa daida, hanjin yaron yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da na babban zai tsotsa. Jiki ba ya bambance dalma da sinadaran da yake nema, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi, sai ya buɗe mata ƙofar da ya tanadar musu. Yaron da ke da ƙarancin jini ko yake kwana da yunwa, ƙofar tasa ta fi buɗuwa. Idan ta shiga, takan yi kamar wata guda tana yawo a jini kafin rabinta ya ragu, sauran ya kwanta a ƙashi da haƙora na tsawon shekaru gommai. Inda ta fi yin illa ita ce ƙwaƙwalwa, wadda a wannan shekarun take kan ginuwa.

Abin da ke sa cutar nan ta yi nisa ba a sani ba shi ne ba ta da wata alama tata ta kanta. Yawancin yaran da ke ɗauke da ita ba za ka ga komai a jikinsu ba, sai an sa su makaranta a ce ba sa ɗaukar karatu, ko ba sa zama wuri ɗaya, ko ba sa ji sosai. In ta ƙaru sai a ga ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙin abinci, kasala, tafin hannu da cikin ido su yi fari, yaro ya zama mai rigima. Duk waɗannan an saba dangana su ga haƙori ko tsutsar ciki ko yaye. In ta kai maƙura sai amai ba ƙaƙƙautawa, yawan barci, tangaɗi wajen tafiya, jijjiga, suma. A nan kuma sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, ko iska. A Zamfara ma da farko maganin maleriya aka yi ta ba yaran. Saboda haka in ɗanka ya fara amai a jere, ko ya yi jijjiga, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ka bar maganar neman gwaji, ka ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, kuma kalmar farko da za ka faɗa wa ma'aikacin lafiya ita ce ana fasa batir a gidanmu.

Yanzu gwajin. Jini ake gwadawa, ba fitsari ba, ba gashi ko farce ba. Hanya biyu ce. Akwai wata ƙaramar na'ura mai suna LeadCare da ake tsaga ɗan yatsa a ɗiga mata jini, cikin minti 3 ta ba da sakamako. Da ita aka yi aiki sosai a ƙauyukan Zamfara. Tana da iyaka, ba ta karanta abin da ya haura 65 a ma'aunin dalma da zan yi maka bayani nan gaba, kuma yaran can da dama nasu ya wuce abin da za ta iya nunawa. Tana kuma da wani tarko: idan akwai ƙurar dalma a fatar yatsan, sai ta haɗu da jinin a ga lamba mai yawa ta ƙarya. Don haka a wanke hannun yaro da sabulu sosai kafin a tsaga. Hanya ta biyu ita ce a ɗebi jini daga jijiya a cikin kwalbar da aka keɓe, a kai ɗakin gwaji. Wannan ita ce ake yanke hukunci da ita, kuma duk sakamakon yatsa da ya yi sama sai an tabbatar da shi ta jijiya.

Ina so ka riƙe wannan da kyau, don nan mutane ke ruɗewa. Za ka ji uba ya ce ai an gwada jininsa an ce ba komai. Gwajin da aka saba yi a asibitocinmu na maleriya ne, ko taifot, ko na auna yawan jini. Ba ɗayansu da ke ganin dalma. Sai likita ya rubuta gwajin dalma da sunansa, kuma ba gwaji ba ne da ake samu a ƙaramin asibitin ƙauye. Ka fara da babban asibitin da ya fi kusa da ku, ka yi wa likita bayanin sana'ar dalla-dalla, ka nemi takardar turawa zuwa inda ake da likitocin yara, kamar asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu, ko asibitin Malam Aminu Kano. Su za su san inda za a aika jinin. Ka kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku da duba-gari, domin in gida ɗaya ya gurɓata da wuya a ce maƙwabta sun tsira.

Sakamakon lamba ce, ana auna ta da maikurogiram a kowane desilita na jini. Maikurogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya cikin goma na lita. Ka ga ke nan ƙurar da ko ganinta ba za ka yi ba ta isa. Babu wata lamba da masana suka yarda cewa ba ta cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2021, ta ce daga 5 zuwa sama wajibi ne a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe. A Amurka a wannan shekarar suka sauko da nasu ma'aunin zuwa 3.5, kuma a can akan gwada yaran da ke cikin haɗari a wata 12 da wata 24 ko da lafiyarsu ƙalau. Daga 45 zuwa sama ne ake ba yaro maganin fitar da dalma. Daga wajen 70 ana tsoron ta taɓa ƙwaƙwalwa farat ɗaya, kwanciya asibiti ce. A 2020 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, kusan miliyan 800, nasu ya kai 5 ko ya wuce. Saboda haka in aka samu a jikin ɗanka, ba wani abin kunya ba ne da za a ɓoye.

Kuma ba shi kaɗai za a gwada ba. Duk yaron da bai kai shekara 6 ba a gidan, da duk mace mai ciki ko mai shayarwa, da ƙanenka. Mace mai ciki, jikinta yana ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, tsohuwar dalmar da ta kwanta a nan sai ta biyo, ta ratsa mabiyiya ta shiga ɗan tayi. Tana jawo ɓari da haihuwar bakwaini da hawan jini. Mai shayarwa dai kada ta cire yaro daga nono bisa zato, sai in likita ya ga lambarta ya ce a yi. Shi kuwa ƙanenka, hawan jini da ciwon ƙoda da raunin hannu da matsalar haihuwa ne ke jiransa in ya ci gaba a haka.

Ka tambaya ko ana warkewa. Akwai magani, kamar wanda ake kira sakasima da ake sha, da wani da ake sawa ta jijiya. Aikinsa ya kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Ya ceci rayukan yara da yawa a Zamfara. Amma ba magani ba ne da za ka saya a kyamis, yana iya taɓa hanta da ƙoda, kuma yana kwashe wasu sinadarai masu amfani tare da dalmar. Sannan ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Na uku, wanda ya fi shafarka: ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Shi ya sa a Bagega aka yi ta jira, ba a fara ba yara magani ba sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a 2013. Madara da manja da ruwan tsamiya da masu sana'ar ke sha bayan aiki wai don su wanke ciki, ba sa fitar da dalma. Tafasa ruwa ma ba ya kashe ta, ai ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfe ce.

To, sai maganar ƙanenka, wadda na san ita ce mai nauyi. Abincinsa ne, kuma ba da mugun nufi yake yi ba. Kada ka je masa da zargi, ka je masa da 'ya'yansa, domin in yana da su, ƙasa ɗaya suke taka da naka. In kana ganin maganar za ta yi tsami, ka sa mahaifinku ko wani baffa ko liman a ciki. Abin da ya fi shi ne ya riƙa sayar da baturan a rufe yadda ya saye su, ba fasawa, ba zubar da ruwan batir, ba narkawa. Ribar za ta ragu, na sani. Narkawar nan ita ce mafi muni, domin hayaƙin yana tashi ya sauka a kan rufi da randa da shanyar hatsi, har gidan maƙwabta, balle da hunturu. In ya dage sai ya yi, to a can bayan gari, nesa da rijiya da gona da makaranta, ba yaro ko almajiri ɗan aike a wurin. Ya ware kayan aiki da takalmi ya bar su can, ya yi wanka da sabulu kafin ya shigo gida ya ɗauki yaro, kada ya ci goro ko abinci da hannun aiki, kuma kada a haɗa wankin kayan da na iyali. Takunkumin ƙyalle da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare hayaƙin dalma.

Fitar da aikin bai kawar da abin da ya riga ya zuba ba. Dalma ba ta ruɓewa, ƙasar zauren nan ko bayan shekara ashirin tana nan da gubarta. Kada a share wurin da tsintsiya a bushe, tayar da ƙurar kawai za a yi. A fitar da yara da mata masu ciki, a yayyafa ruwa, a kankare saman ƙasar zaure da bayan ɗakin da ake narkawa, a zuba a buhu, a tambayi duba-gari inda za a binne ta nesa da ruwa. Kada a kai ta gona a matsayin taki, kada a kwaɓa ta a yi yaɓe. A zuba sabuwar ƙasa, in da hali a yi siminti. Tabarma da buhunan da aka daɗe ana aiki a kansu a rabu da su. Tukunya ko gwangwanin da aka taɓa narka dalma a ciki ya bar kicin har abada, haka robar batir da ake yankewa a zuba wa kaji ruwa ko a mai da ita kujera. In zai yiwu yaron ya je wajen kakarsa ya yi kwanaki har a gama.

Tunda ka buɗe maganar, akwai wasu ƙofofin da ya kamata ka duba. Ta farko kwalli. Yawancin kwallin dutse mai ƙyalli da ake daka wa jarirai dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan iyayen Najeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma kashi 82 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yana murza ido ya sa hannu a baki, shi ke nan. Na san kaka za ta ce ai sunna ce, kuma da shi aka raine mu. Ismid da malamai ke ambata wani dutse ne daban, kuma a kasuwa ba mai iya bambance maka su da ido. Shawarata a daina sa wa jarirai da ƙananan yara kwallin dutse, a ido ko a cibiya.

Ta biyu tukunyar da muke kira ta dalma. Asalinta sanholo ne, amma maƙera da tarkacen injin da radiyeta da duk abin da ya samu suke zuba ta, kuma da aka gwada irinta a Kamaru an samu tana sakin dalma a abinci, musamman mai tsami. Ba na ce a zubar da tukwanen gida duka ba, amma kunun tsamiya da zoɓo da miyar yakuwa a nema musu wata tukunyar, kuma kada abinci ya kwana a ciki. Sai fentin mai, musamman rawaya da ja, in ya fara ɓarewa a ƙofa ko taga. Sai farar ƙasa da masu ciki ke ci. Sai samarin da ke zuwa ci-rani wuraren haƙar ma'adinai su dawo da kaya da buhunan dutse. Duk injin da aka niƙa dutse a cikinsa kada a kai masa hatsi. Man fetur na mota mai dalma kam an daina sayar da shi a duniya tun 2021, wannan ƙofar ta rufu.

Abinci ba ya fitar da dalma, amma yana rage yadda hanji ke tsotsarta. Kada yaro ya fita wasa da safe cikinsa wayam. A ba shi wake, zogale, miyar kuka, alayyahu, ƙwai, hanta in an samu, nono, da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙaya, waɗanda ku a Haɗeja ba ku rasa su. Lemo da goba da garin ƙwallon kuka suna taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana hanawa, don haka a raba shi da lokacin cin abinci. In gwaji ya nuna ƙarancin jini, likita zai rubuta maganin ƙarin jini, a sha har ƙarshe. A wanke masa hannu da sabulu kafin ci da kafin barci, a yanke farce, a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, a rufe randa.

Game da maganarsa da ta yi jinkiri, ka sa likita ya duba kunnensa, domin dalma na rage ji, ciwon kunne ma haka. A gida kuma a riƙa yi masa hira, a kira masa sunayen abubuwa, yayyensa su yi masa waƙa da tatsuniya. Wannan yana taimaka wa ƙwaƙwalwar yaro ko mene ne sanadin jinkirin. Idan aka yi gwajin, kada ka yarda da "akwai" ko "babu" kawai. Ka sa a rubuta maka lambar da ranar a katinsa, ka adana, domin za a maimaita bayan wata 1 zuwa 3 gwargwadon yawanta. In lamba ta biyu ba ta sauka ba, to akwai inda dalmar ke shigowa da ba a gano ba tukuna, sai a koma gidan a sake dubawa, a fara da ɗakin da yake kwana.